Ƙarfen Dafawar da Na Kafa wa Malam Garba

Ni mutumin Tsafe ne. Ba zan faɗi sunana ba, don ina da 'ya'ya a makaranta, su kuwa ba su yi wa kowa laifi ba. Mahaifina manomi ne, bai bar mana dukiya ba, amma har ya rasu ba a taɓa kai ƙararsa ko'ina ba. Da na gama firamare aka kai ni Gusau wurin wani birkila in koyi aiki. A hannunsa na iya gini da filasta, na iya shimfiɗa tayil da haɗa famfo. In ya duba aikinka ya ga ya karkace, da hannunka za ka rushe. Shekara shida na yi a ƙarƙashinsa. Ku riƙe wannan, samari: ba rashin iya aiki ne ya kai ni gidan yari ba.

Da buhun siminti ɗaya abin ya fara. Na gama wani ɗan aiki a Gusau, buhu ɗaya ya yi saura, mai gida bai sani ba, na ɗora a kabu-kabu na sayar. Na kwana biyu ina jiran a neme ni, ba wanda ya tambaya. A aiki na gaba ban jira saura ta zo da kanta ba, na ƙara yashi a kwaɓin. Daga nan sai musayar kaya: mai gida ya zaɓi bututu mai kauri, ni in binne mai arha, tunda abin da ke cikin bango ba ya gani.

Sannu a hankali na koma gyaran banɗaki kaɗai, kuma da dalili. Mutum zai iya haƙuri da falo wata shida, amma ba zai iya yini ɗaya ba banɗaki ba. In na karɓi kafin alƙalami, ranar farko nake fasa tsohon, in tone ƙasa, in cire famfo. Daga nan mai gida ya shiga hannuna. Sai in tafi in fasa na wani. Akwai lokacin da nake da gida huɗu a buɗe, ina cike ramin wannan da kuɗin wancan. In aka kira ni, amsa ba ta yi mini wuya: kaya ba su iso ba, mota ta lalace, an yi mana rasuwa.

A haka wata malamar firamare a Bungudu, Malama Hadiza, ta neme ni. Mahaifinta, Malam Garba, tsohon malamin gona ne, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Ya fara takawa da sanda, amma ba ya iya tsuguno. Su uku ne a gidan, shi da matarsa da ita, kuma banɗakin ɗaya ne. Ta ce a cire masai na tsuguno a sa na zama, a shimfiɗa tayil mai kaushi, a kafa ƙarfe a bango wanda zai riƙa dafawa.

Ta ce, "Malam, ƙarfen nan shi ne aikin. Sauran duk ado ne."

Na ce, "Ki kwantar da hankalinki, Malama. Kwana goma."

Washegari na karɓi kuɗin kaya, na fasa musu banɗaki, na koma Gusau. Sati bakwai ban sake taka gidan ba. Ta kira har na daina ɗauka. Wata rana ina wani aiki sai na ɗaga kai na gan ta tsaye a ƙofar gidan, ta bi tambaya har ta same ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ita da Inna gidan maƙwabta suke shiga, amma Baba ba ya iya fita. Ta ce in zo ko don in gan shi.

Na je. Na same shi a kan tabarma, an ja labule a lungun ɗakin, an ajiye masa fo a bayan labulen. Ya yafito ni da hannun da ke motsi. Maganarsa ba ta fita sosai, sai da na durƙusa kusa da shi.

Ya ce, "Ɗana, ban taɓa zaton ɗiyata za ta riƙa ɗaukar fo ɗina ba. Ka taimake ni ka gama, in shiga in rufe ƙofa kamar kowa."

Wallahi na ji kunya. A wurin ya kamata in faɗi gaskiya, in ce kuɗin kayan na cinye, su ba ni lokaci ko su nemi wani. Ban faɗa ba. Na ce jibi an gama.

Kuma jibin na gama, da abin da na tsinta. Ina da ragowar tayil na bango daga wani gida, mai sheƙi, wanda ko a bushe yake da santsi, shi na shimfiɗa a ƙasa. Ƙarfen kuwa, aikinsa shi ne a fasa bulo a cusa shi ciki, a cike da siminti mai ƙarfi, a bar shi ya bushe. Ni sai na huda filasta kawai, na cusa guntayen katako, na buga gajerun ƙusoshi. Filastar ma yashi ya fi yawa.

Malama Hadiza ta leƙo ta ce, "Ba mai kaushi muka yi da kai ba?"

Na ce, "Sabon samfuri ne. In ya jiƙe ma ya fi kama ƙafa."

Ta kama ƙarfen ta jijjiga. Ni kuwa na riga na ɗora hannuna a ɗaya gefen, kamar ina nuna mata, na danne shi. Ta ce to, Alhamdu lillahi. Da zan fita Malam Garba ya sa mini albarka, ya daɗe yana addu'a, ina cewa amin.

Kwana tara ƙarfen ya yi. Ran nan da hantsi ya shiga shi kaɗai ya sa sakata. Ƙasa a jiƙe take, ƙafarsa ta zame, ya kai hannu ya kama ƙarfen da dukan nauyinsa, ƙarfen ya biyo shi. Ƙashin ƙugunsa ya karye. Malama Hadiza tana makaranta, Inna ba ta da ƙarfin ɓalle ƙofa, sai da ta fita ta kira maƙwabta. Yana kwance a cikin ruwa duk tsawon lokacin.

A Tsafe 'yan sanda suka kama ni, a gaban matata. Da labari ya bazu, sauran masu gidajen da na bari a buɗe suka fito, kowa da tasa ƙarar. A kotu aka kawo ƙarfen, ƙusoshin na maƙale a jikinsa. Alƙali ya zare guda ɗaya, ya ɗaga, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ya ce, "Da ka buga wannan, ka san wanda zai dafa?" Na ce na sani. Aka yanke mini shekara biyu.

Ba zan ba ku labarin cunkoso da abincin gidan yari ba, kun sha ji. Matata ta kwashe yara ta koma gidansu. Mahaifiyata ta zo sau ɗaya, ta zauna ta kalle ni, ta tashi. Amma abin da ya fi cina shi ne hannuna da na ɗora a kan ƙarfen nan. Buhun siminti zan iya cewa talauci, jinkiri zan iya cewa aiki ya yi yawa. Wannan kuwa ba ni da abin cewa. Malama Hadiza ta gwada ƙarfen, da na ɗauke hannuna da ta gane.

Da aka sake ni na roƙi yayana ya raka ni Bungudu. A hanya muka ji cewa Malam Garba ya rasu. Tun faɗuwar bai ƙara takawa ba, wata biyar ya yi a kwance. Inna ba ta fito ba. Malama Hadiza ta same mu a zaure, muka yi mata gaisuwa. Na ce ta bar ni in sake aikin da hannuna, ba ko sisi.

Ta ce, "An riga an gyara. Kuma wanda aka yi dominsa ba ya nan."

Na ce ta yafe mini don Allah.

Ta ce, "Baba ya yafe maka kafin ya rasu, ya ce in faɗa maka in ka zo. To, na faɗa. Nawa kuwa, kada ka tambaye ni yanzu."

Yau a ƙarƙashin wasu nake aiki, ina kwaɓa siminti ana biyana kullum, ba mai damƙa mini kuɗin kaya, kuma ban ga laifin kowa ba. Na tuba, ina roƙon Allah ya karɓa.

Ku da kuke koyon sana'ar hannu, ku ji daga bakin wanda ya gwada. In buhu ya yi saura, ku mayar wa mai shi. Kada ku fasa abin mutum sai kun shirya gyara shi. In kun kasa, ku buɗe baki ku ce kun kasa, kunyar ta yini ɗaya ce. Abin da kuka rufe da filasta ba ya ɓacewa, wata rana wani zai jingina a kai yana zaton kun yi gaskiya.

Sau biyu na sake komawa Bungudu. Tana amsa gaisuwata, tana tambayar yarana. Waccan maganar ba ta ɗauko ba, ni ma ban ƙara tambaya ba. Allah ya jiƙan Malam Garba.