Uwar Masauki da Baƙi Goma Sha Uku

Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ta ba ni shekara shida. Ni tela ce, kekena yana wani ɗan shago a bakin ƙofar gidan mishan, ita kuwa tana ciki, shekara talatin da uku ke nan tana kula da masaukin baƙi. Kowa Uwar Masauki yake ce mata, har 'ya'yan cikinta idan tsokana ta motsa musu. Ni kaɗai nake ce mata Yaya.

Ba da niyyar aiki ta shiga gidan ba. Ƙwai ta kai na sayarwa, tana da shekara ashirin da biyu, sai matar gidan, wadda muke kira Mama Nas, ta tambaye ta ko za ta taya ta wanke zannuwan gado na mako ɗaya, don baƙi suna tafe. Daga nan ba ta sake fita ba.

Mama Nas da mijinta, Baba Fasto, daga ƙetare suka zo tun suna da jini a jika. Shi ya kafa cocin, ita ta buɗe ɗakin shan magani a wani kango mai taga ɗaya. Sun iya harshenmu sosai, sai dai Baba Fasto har ya tsufa bai raba "ka" da "ki" ba. Sai ya dubi ƙaton dattijo mai gemu ya ce, "Kin kwana lafiya?" Mun yi dariya har muka gaji muka daina. 'Ya'yansu uku, duk wanda ya kai shekara bakwai sai a saka shi a jirgi a tura shi makarantar kwana a ƙasarsu. Yaya ta ce duk ranar da aka tafi da ɗaya, Mama Nas takan shige ɗakin ajiyar magani ta kulle, wai jera kwalabe take yi. Bayan awa biyu ta fito ido jawur ta ce, "Waye na gaba?"

Masaukin dogon gini ne mai baranda, ɗakuna huɗu, gadajen ƙarfe goma sha shida, kowanne da gidan sauro a rataye. Sau uku ko huɗu a shekara cocin su Baba Fasto na can yakan turo tawaga, su yi kwana goma ko mako biyu su koma. Suna sauka sanye da riguna iri ɗaya kamar 'yan ƙwallo. Akwai likitoci, akwai malaman makaranta, akwai kuma waɗanda ba ka iya cewa ga abin da suka iya, sai zuciya mai kyau da kyamara. Yaya ta san su kamar yunwar cikinta. Ranar farko komai burge su yake yi, har akuyar maƙwabta. Rana ta uku gudawa, don haka tun rana ta biyu take haɗa ruwan gishiri da sukari ta jera a baranda ba tare da kowa ya tambaya ba. Ranar tafiya kuma sai kuka da runguma da alkawarin wasiƙa.

"Ba mugaye ba ne," takan ce min. "Yara ne, ko da furfura. Kada dai ki bari su sha ruwan famfo."

Akwai wani tsoho kafinta da ya zo sau tara. Bai iya kalma ko ɗaya ba sai "sannu", ita ma a karkace. Shi ya yi bencinan coci da tagogin makaranta. Ba ya ɗaukar hoto, kuma cikin baƙi shi kaɗai Yaya take bari ya shiga kicin.

Mijin Yaya shi ne direban mishan, kowa Direba yake ce masa, a gidan suka haɗu, suka haifi huɗu. Shi bakinsa ba ya hutawa, ita kuwa sai ta yini ba ta yi magana goma ba. Shi ke ɗauko baƙi daga filin jirgi, tafiyar awa shida a wata tsohuwar bas, kafin su iso ya riga ya raɗa wa kowa suna. Yana sauka zai leƙa ta tagar kicin.

"Uwar Masauki, na kawo miki kaya. Akwai wata ba ta cin nama, ba ta cin ƙwai, ba ta shan madara. Ina ga iska za ki dafa mata."

"Wanke hannunka tukuna," za ta ce.

Shekara bakwai da suka wuce aka turo mutum goma sha uku, za su yi rufin sabon ɗakin haihuwa. Direba da Baba Fasto suka tafi tun ranar Laraba suka kwana a birni, don jirgin da sassafe yake sauka. Abin da ya faru a can, Baba Fasto ne ya ba mu labari daga baya. Direba ya hau saman bas ya ɗaure akwatuna tsaf, ya sauko, ya zauna a matakalar ƙofa ya ce, "Baba, bari in ɗan huta." Ya jingina kansa da ƙarfe. Shi ke nan. Cikin baƙin akwai likita, ya kwantar da shi a kan kwalta ya yi ta danna ƙirjinsa, aka kai shi asibitin kusa, suka ce zuciya ce, suka ba da takarda. Baba Fasto ya hana a faɗa wa Yaya ta waya. Aka naɗe gawar cikin bargo aka kwantar a kujerar baya, tsohon ya kama sitiyari da kansa, baƙi suka zauna a tsakani. Haka suka yi tafiyar awa shida.

Ina masaukin a ranar, na kai gidajen sauro biyu da na ɗinke. Rana tana shirin faɗuwa muka ji motar. Yaya ta ɗago daga kan tukunya.

"Ba shi ke tuƙi ba," ta ce. "Ba ya taka birki haka."

Ta goge hannu ta fita bakin ƙofa inda take tsayawa kullum. Baba Fasto ya sauko, ya kama hannayenta biyu.

"'Yata, mijinka. Ubangiji ya kira shi. Yana baya. Ka yi haƙuri."

Ni na fasa ihu na zube a wurin. Yaya ta dubi bayan motar, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To." Baƙin sun sauko sun yi cirko-cirko da shuɗayen rigunansu. Ta ƙirga su da ido, ta juya ga Mama Nas.

"Ki faɗa musu maza ɗakunan hagu, mata na dama. Ruwan cikin jarka a dafe yake."

"Bar wannan, 'yata, don Allah bar wannan."

"Tun safe ba su ci komai ba, Mama."

Sai da ta zuba wa kowa abinci sannan ta shiga motar. Na bi ta. Ta buɗe bargon ta dubi fuskarsa, ta gyara masa wuyan riga da ya lanƙwashe, ta zaro makullin sito daga aljihunsa don za a nema da safe. Ta mayar da bargon yadda yake.

Tsohon kafintan nan yana cikin tawagar. Bai tambayi kowa ba, ya zaɓi katako mafi kyau cikin na rufin, washegari kafin hantsi ya gama akwatin gawa. Aka binne Direba a bayan coci. Ranar da kashegarinta Yaya ta zauna a gida, mutane na shiga suna fita, tana ta cewa, "Na gode. Na gode." A rana ta uku na je da safe ban same ta ba. Tana kicin ɗin masauki tana yanka albasa.

"Yaya, lafiyarki ƙalau kuwa? Gidanki cike da masu ta'aziyya!"

"Ki zauna da su. Kin fi ni iya kuka."

"Ai matan coci sun ce za su riƙe girkin."

"Jiya sun wanke latas da ruwan famfo. Mutum huɗu suna kwance."

Baƙin sun rasa yadda za su yi da ita. Da ta shigo da tiren abinci sai hira ta mutu. Wata rana suka kewaye ta a baranda suka ɗora mata hannu, suna addu'a ɗaya bayan ɗaya da harshensu, tana tsaye a tsakiya da ludayi a hannu. Daga baya na tambaye ta me ta ji.

"Ƙauri," ta ce. "Shinkafa ta kama."

Wata budurwa a cikinsu ta faɗa jikinta tana kuka kamar ita aka yi wa mutuwar. Yaya ta yi ta bubbuga bayanta, sannan ta taɓa goshinta ta ce a kira Mama Nas, yarinyar nan zazzaɓi gare ta. Aka gwada, haka ne.

A unguwa kuwa an fara ƙus-ƙus, wai ko ɗigon hawaye ba a gani ba. Wasu suka ce bangaskiya ce, wasu suka ce taurin zuciya, wata ma ta ce dama can ba son sa take yi ba. Na kawo mata maganar ina huci, na tarar tana gugar zannuwa.

"Ba ɓoyewa nake yi ba, ƙanwata," ta ce. "Na duba, babu ne. Kin san ƙafa idan kika daɗe zaune a kanta? Ina ganinta, na san tawa ce, amma ba na jin ta."

"To addu'a fa?"

"Ina yi. Kamar wanke-wanke."

Haka ta faɗa wa Baba Fasto ma, a gabana, da ya zo duba ta a kicin. Na zaci zai buɗe mata Littafi Mai Tsarki. Sai ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa da gefen riga.

"Da uwata ta rasu ina nan," ya ce. "Wasiƙar ta yi wata guda a hanya. Na yi shekara biyu ina wa'azi ban ji komai ba. Ka dai ci gaba da zuwa."

"Jin ya dawo daga baya?" in ji Yaya.

"Wani sashe."

Ta gyaɗa kai ta miƙa masa shayi.

An gama rufin ana saura kwana ɗaya su tafi, sai da aka ƙaro katako daga kasuwa. Ranar tafiya baƙin suka taru a baranda, kowa ya tashi ya ba da shaida, Baba Fasto yana fassara. Kusan duka a kan Yaya suka yi magana. Wannan ya ce bai taɓa ganin bangaskiya irin tata ba, waccan ta ce ta zo ta koyar ne sai ga shi ita aka koya wa. Suka juyo suna jiran ta ce wani abu.

"Su duba ƙarƙashin gadaje," in ji Yaya. "Kullum sai an manta takalmi."

Bayan wata biyu wasiƙa ta iso da mujallar cocinsu, ga hoton Yaya ya cika shafi, ga labarinta a ƙasa. Mama Nas ta karanta mata tun daga farko har ƙarshe. Yaya ta karɓa ta duba, ta ce sun ɗauke ta da tsohon ɗankwali. Ban sake ganin mujallar ba.

Bayan shekara biyu Baba Fasto ya fara mantuwa. Wata Lahadi ya tsaya a tsakiyar wa'azi ya koma harshensu bai sani ba, muna zaune muna kallonsa. Ya sha faɗa cewa a nan za a binne shi, amma 'ya'yansa suka zo suka tafi da su duka biyun. Yaya ce ta haɗa musu kaya, zaman shekara arba'in ya shige akwati huɗu. A bakin mota Mama Nas ta rungume ta tana kuka. Yaya ta tuna mata cewa maganin hawan jinin Baba yana aljihun gefe na ƙaramar jaka.

Yanzu wani matashin fasto ɗan nan garin ne ke riƙe da gidan. Baƙi suna zuwa har yau, sai dai an rage, sau ɗaya ko biyu a shekara, kuma motar haya ake ɗauko musu. Waɗanda suke zuwa yanzu ba su san an taɓa yin wani Direba ba. Bara babban ɗanta ya matsa mata ta bar aiki, ya kai ta gidansa a birni, ya ba ta ɗaki da fanka da talabijin. Surukarta ta ce min tun asuba take tashi ta yi wanka ta zauna a bakin gado, hannu a cinya, har a kira ta karin kumallo. Ba ta ƙorafi, ba ta hira. Kwana goma sha tara ta yi, ta hau mota ta dawo.

Gwiwoyinta sun lalace, a zaune take aiki yanzu, a kan wata gajeriyar kujera kusa da murhu. Makon jiya na shiga na same ta tana fere dankali, mutum tara ake jira ranar Alhamis. Na jawo benci na zauna, na daɗe ina kallon hannunta.

"Yaya, tsakaninki da Allah, kina jin daɗin aikin nan kuwa?"

Ta dakata. Ba ta ɗauki maganar da wasa ba, na ga tana nema da gaske, kamar mai lalube a jaka.

"Ban sani ba," ta ce. "Akwai wata wuƙar a cikin kwando. Ɗauko ki taya ni."

Na ɗauko.