Gangar Ƙanena

Shekaru kaɗan bayan an gama yaƙin basasa, ina koyarwa a wata makarantar firamare a Kafanchan, sai ikkilisiyarmu ta naɗa ni shugaban zumuntar matasa. Ban nema ba. Wanda yake riƙe da aikin ma'aikacin reluwe ne, aka yi masa canjin wurin aiki. Dattawa suka duba suka ga ni malami ne, ina da aure, ga shi kuma mahaifina ne babban dattijon majami'a. Fasto ya kira ni gaba bayan sujada, ya ɗora mini hannu, jama'a suka ce amin. Ba wanda ya tambaye ni ko ina so.

Daga ranar nan gidana ya daina zama nawa. Ɗaki biyu ne a gidajen malamai, kusa da layin dogo, har kwanuka kan yi ƙara in jirgin kaya zai wuce. Matasa sukan zo ba sallama mai tsawo, wannan da rigimar iyaye, wancan yana neman a sa masa baki a maganar aure, wani kuma yunwa ce kawai ta kawo shi. Matata tana da goyo a baya, ga wani yana tatata, amma kullum sai ta ƙara ruwa a miya. In na dawo daga makaranta na ci abinci, sai in hau keke zuwa koyon waƙa ko nazarin Littafi Mai Tsarki. Ranar Asabar muna gonar majami'a ko muna ƙauyuka wajen wa'azi.

Ƙanena yana zaune tare da mu a lokacin. Ya gama firamare, yana koyon kafinta a wajen wani mutum a bakin kasuwa, kuma yana cikin mawaƙan majami'a. Hannunsa ba ya zama. Bokiti, benci, ƙofa, cinyarsa, duk abin da ya samu sai ya kaɗa. Matata takan ce masa, “Kai dai ka bar mini tukunyata ta huta.”

A majami'armu ba a kaɗa ganga. Matan zumunta suna buga tulu da caki a taronsu, ba wanda ya hana su, amma duk abin da aka ɗaura wa fata ba ya ƙetare ƙofa. Dalilin kuwa yana gidanmu. Kafin Baba ya karɓi bangaskiya, shi ne makaɗin dodon tsafi a ƙauyenmu. Ranar da ya tuba, da wuƙarsa ya farke fatar gangarsa a gaban dangi. Suka kore shi daga gida, ya yi damina guda yana kwana a bukkar gona. Mun tashi muna jin wannan labari, kuma mafi yawan dattawan da ke zaune tare da shi kowa yana da irin nasa.

Matasa kuwa ba su ga waɗannan kwanaki ba. Abin da suka gani shi ne wata majami'a can kusa da tasha, inda ma'aikatan reluwe daga kudu suke kaɗa ganga suna tafi, har a kan hanya ana jin su. Namu suka fara zamewa suna zuwa can ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka rage suka matsa mini.

“Shugaba, ka yi wa dattawa magana mana. Waƙarmu kamar ta jana'iza.”

Na kai maganar gaban dattawa, na yi ta kewaye-kewaye kafin na ambaci ganga. Baba bai ɗaga kai ba. Wani dattijo ya ce, “Malam, mun sa ka ne ka zama idonmu a cikin yaran nan, ba bakinsu ba.” Na koma na gaya wa matasa su yi haƙuri. Wata yarinya ta ce, “Ai dama mun sani. Ɗan dattijo ne.” Haka na zauna, dattawa suna ganin na zama na yara, yara suna ganin ni ɗan aiken dattawa ne.

Bayan girbi mukan yi taron matasa na shekara. A wannan shekarar mu ne masu masauki. Muka kafa babbar rumfar ciyawa a filin majami'a, matasa suka zo daga ƙauyuka, wasu a ƙafa, wasu a bayan motar citta. Ranar Lahadi, a sujadar rufe taro, ina zaune a gaba kusa da Fasto, dattawa suna jere a bencinsu, Baba a farko. Mawaƙanmu suka miƙe. Sai na ga ƙanena ya sunkuya ya jawo wani abu daga ƙarƙashin benci, a naɗe cikin tsohon zane. Ya warware zanen. Ganga ce, sabuwa, ya sassaƙa ta da kansa a shagon kafinta ya ɗaura mata fatar akuya. Ina kwana gida ɗaya da shi, ban sani ba.

Ya fara a hankali, mawaƙa suka shiga. Ban taɓa jin waƙar nan ta yi daɗi haka ba, ba zan ɓoye ba. Rumfa ta ɗauka gaba ɗaya. Wata tsohuwa a bayan mata ta rangaɗa guɗa. Fasto ya juyo ya dube ni, matasa ma ni suke duba, kowa yana jira ya ga ko zan ɗaga hannu in tsayar ko zan yi tafi. Na riƙe littafin waƙoƙi da hannu biyu, na kasa yin ko ɗaya.

Baba ya miƙe. Ya ɗauki sandarsa da hularsa, ya bi ta tsakiyar jama'a ya fita, ba sauri ba magana. Dattawa suka bi shi. Kiɗan ya yi ta raguwa har ya mutu, waƙar ta ƙare da muryoyi kaɗan.

Da la'asar na ja ƙanena muka tafi gidan Baba a bayan gari. Muka same shi a tsakar gida, citta tana shanye a gabansa. Muka durƙusa muka gaishe shi, bai amsa ba. Can ya yi magana da yarenmu, yana duban ƙanena.

“Ka san abin da kiɗan nan yake kira?”

“Baba, yabon Ubangiji muke yi.”

“Na tambaye ka, ka san abin da yake kira? Da shi nake fito da dodo daga kurmi. Wa ya koya maka?”

Ƙanena ya ce, “A wajenka na ji, Baba. In kana hutawa a gona kakan kaɗa shi da yatsu a ƙotar fartanya. Tun ina ƙarami nake ji. Ban san na dodo ba ne.”

Baba ya dubi hannuwansa. Ya daɗe yana dubansu. Daga nan ya tashi ya shiga ɗaki ya ja ƙofa. Mama ta leƙo daga madafa ta yi mana alama mu tafi.

Dattawa suka zauna a cikin makon. Suka yanke cewa za a sa ƙanena a horo: zai fita daga mawaƙa, ba zai ci jibin Ubangiji da masu bi suke ci tare a majami'a ba, zai koma bencin baya har sai an ga tubansa. Gangar kuma a karɓe ta. Sannan suka ce ni zan tsaya in sanar, tunda ni ne shugaban matasa, don kada a ce an bar ɗan gida.

Na je wajen Fasto a gidansa. Mutum ne mai sanyin hali, ya girme ni sosai. Na ce, “Baba Fasto, ina roƙo a sauke ni. A ba wani.”

Ya tura mini kujera. “Zauna, Malam. In ka sauka yanzu, me za a ce? Za a ce ka bi ganga ka bar mahaifinka. Tsohon nan ba zai iya ɗauka ba. Yaran kuma, kai kaɗai ne kake riƙe da su. Ranar da ka sauka, rabinsu sun tafi tasha.”

“To, a bar ni kada in sanar. Ƙanena ne.”

“Ni ma na faɗa musu haka. Ba su yarda ba.” Ya share fuska da hannu. “Kana tsammani ni ban ji daɗin waƙar ba? Amma su suka gina majami'ar nan da hannunsu tun ana jifansu. Ka yi haƙuri, lokaci zai zo.”

A gida matata ta saurare ni har na gama, tana tsince acca a faifai. Ta ce, “Malam, ka ajiye aikin nan. Ko ba su yarda ba, ka daina zuwa. Abokanka duk sun tafi ƙaro karatu Zariya, kai kana nan kana raba faɗa. Ɗanka ya fara kiran maƙwabci baba, kai ba ya ganinka.”

Na ce, “In na daina zuwa, da wace fuska zan shiga makaranta? Hedimasta dattijo ne a majami'a. Gidan nan da muke ciki, ta hannunsa muka samu. In na tafi Zariya kuma, wa zai duba su Baba?”

“To ni fa, wa yake duba ni?”

Ta ci gaba da tsintar accarta.

Ranar Lahadi na tsaya a gaban jama'a na faɗi abin da aka ce in faɗa. Na yi shi a taƙaice. Tun kafin in rufe baki ƙanena ya tashi daga cikin mawaƙa, ya taka zuwa bencin baya ya zauna shi kaɗai. Baba yana bencinsa, idonsa a ƙasa. Bayan sujada Fasto ya miƙo mini gangar a cikin zanenta, ya ce ba za a ajiye ta a majami'a ba, shi ma ba zai kai ta gidansa ba, in riƙe ta tunda kayan matasa ne. Na ɗaure ta a bayan keke na kai gida, na ɗora a kan kabad. Ƙanena yana kwana a ƙarƙashinta, bai taɓa ɗaga kai ya dube ta ba, a gabana dai.

Bai yi mini faɗa ba. Da ya yi, da na fi samun sauƙi. Yana gaishe ni da safe, yana ɗebo wa matata ruwa, yana zuwa shago. Hannunsa ne kawai ya daina kaɗa abubuwa. Matasa kuma suka rage zuwa gidan. Waɗanda suke zuwa taro sukan zauna su yi shiru, in na yi tambaya sai su dubi juna.

Kafin damina ta faɗi ƙanena ya ce mini wani abokinsa ya samo masa aiki a masaƙa a Kaduna. Na raka shi tasha da akwatinsa na katako wanda shi ya haɗa. Muna tsaye ana ta hayaniyar masu sayar da rake da ƙosai, na ce, “Ka bari a ɗage horon tukuna. Saura kaɗan.”

Ya ce, “Yaya, in an ɗage in koma in yi me? In tsaya ina rera waƙa hannuna a aljihu?”

“Ka yi wa Baba sallama?”

“Na je. Ya yi mini addu'a. Ya ce in nemi majami'a a can.” Ya yi ɗan murmushi. “Bai ce wace iri ba.”

Jirgi ya zo, ya shiga, na koma makaranta don ina da aji.

Na ci gaba da riƙe shugabancin shekara bayan shekara. Duk lokacin da na kawo maganar sauka, sai a ce a bari a gama taron bana, ko a bari a samu wanda ya dace. Karatun Zariya ban je ba. Ƙafafun Baba suka fara kumbura, ni nake kai shi asibiti a bayan keke. A hanya mukan yi maganar citta da ruwan sama da rufin ɗakin Mama da ke yoyo. Maganar ƙanena ba ta taɓa shiga ba, sai dai in mun kusa gida ya ce, “Akwai labari daga Kaduna?” In ce lafiya lau yake. Ya ce, “To, madalla.”

Wani hutu na je Kaduna na same shi a Kakuri, a ɗaki ɗaya da suke haya shi da abokinsa. Ya yi ƙiba, ya sayi rediyo, akwai auduga a gashin kansa. Ya sayo mini shinkafa da nama a wajen mai abinci. Na tambaye shi wace majami'a yake zuwa, ya ce aikin masaƙa ba ya barin mutum, wani lokaci Lahadi ma suna ciki. Ban matsa ba. Ya tambayi lafiyar matata, wadda yake kira Anti, da yara, ya tambayi Mama, ya tambayi ƙafafun Baba.

“Har yanzu kai ne shugaba?”

“Har yanzu.”

Ya girgiza kai. “Ka kwana biyu mana, Yaya. Gobe in kai ka ka ga gari. Akwai makarantu a nan, suna neman malamai. Ka kawo su Anti ku huta.”

Na dubi ɗakin, na dubi titi ta taga, mutane suna wucewa ba wanda ya san ɗan wane ne ni. Na so in ce to. Amma ranar Asabar ce, washegari matasa ne za su jagoranci sujada, kuma ban ba kowa mabuɗin ɗakin da muke ajiye benci ba. Na wanke hannu, na ɗauki jakata, ya raka ni tasha.