Wuya Ya Ce, Ba Giya Ba

Yaya Yunana, yau da kai zan fara. Jama'a su ji daga gefe.

Wata rana, bayan mun rufe ka da ƙasa, na shiga motar haya daga Kafanchan zuwa Zonkwa. Ina can baya, kaina a jikin gilashi.

Direba ya sa memorin waƙoƙi a rediyo.

Sai jitarka ta tashi.

Wannan kukan da kake sa ta yi, kamar ana jan kwanon rufi a kan dutse, sannan ta sauko a hankali ta kwanta. Ko cikin barci na san ta. Faifanka ne, guda ɗayan da ka samu ka yi. Waƙoƙin yabon Yesu da kiɗan rok, wanda dattawan coci suka ce ya yi ƙara da yawa.

Tun da ka tafi ban iya kunna shi ba. Ga shi ya zo ya same ni a motar mutane.

Ban yi motsi ba. Tsoro nake kar numfashina ya rufe muryarka.

Nan fa aka fara sharhi. Wani saurayi ya ce kiɗan ya yi, saura dai mawaƙin ya sha zuma. Wata mata mai kwandon citta ta ce ita kam kanta ya fara sarawa.

Duk na haɗiye. Kunnensu ne.

Sai wani dattijo a kujerar gaba, da kwat, da Littafi Mai Tsarki a cinya, ya ɗaga yatsa.

"Kun ji ko? Kun ji da kunnenku? 'Na sha giya!' A cikin waƙar Ubangiji! Yaran yanzu ke nan. A bugu a mashaya, a ɗauki jita, a ce bishara ake yi. Direba, cire mana wannan ƙazanta. Ka goge ta ma gaba ɗaya."

Giya, Yaya.

Kai da sikila ta hana ka ko ruwan sanyi. Kai da kake kwana kana cizon filo don kar Mama ta ji ka a ɗaya ɗakin.

Direba ya miƙa hannu wajen rediyon.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Baba, wuya ya ce. 'Na sha wuya, amma ba ka sake ni ba.' Ba giya ba."

Ya juyo, ya dube ni ta saman tabarau.

"Kai ka rubuta masa?"

"A'a, Baba. Shi ya rubuta, a gadon asibiti. Ni dai na riƙe masa hannun da aka sa wa allurar ƙarin jini."



Mai citta ta ce, "Wayyo ɗana. Yana ina yanzu?"

Na ce, "Ya huta."

Kun san abin da dattijon nan ya ce? Na ɗauka zai ce sannu. Ko ya sunkuyar da kai kawai, ya ishe ni.

Cewa ya yi, "To, da sai ya buɗe baki da kyau."

Ya buɗe baki da kyau!

Mutumin da ƙirjinsa ke ciwo in ya ja numfashi. Ya tattara ɗan abin da ya rage masa ya yi wa Allah ihu da shi, kai kuma dattijo, ka ji rabin kalma a cikin ƙarar inji, ka kai shi mashaya. Ka yi masa shari'a tsakanin rami da rami a kan titi. Ko sunansa ba ka tambaya ba.

Direba ya sake sa waƙar daga farko, ya ƙara murya.

Da waƙar ta iso wurin kalmar, mai citta ta kasa kunne. Ta ce, "Wuya ce kam."

Dattijon ya sauka a mararraba. Bai waiwayo ba.

Darasi: Ba dole ka so kiɗan kowa ba. Ka ce ya yi ƙara, ka ce ba naka ba ne, hakkinka ne. Amma kafin ka sa wa mai waƙa sunan banza, ka sake jin kalmar. Wataƙila ƙaninsa na zaune a bayanka.

In ka karanta har nan, tura wa wanda ka san yana saurin yanke wa mutane hukunci.

Yaya, waƙarka ta shiga motocin haya. Mutanen da ba su taɓa ganinka ba suna jin ka a hanya. Na san Mama za ta yi murna in ta ji.

Amma za ta tambaye ni, "Me suka ce?"

Shi ya sa har yanzu ban gaya wa kowa a gida ba.