Hujin Ƙahon Baba

Jiya jikata ta zaro tsohon ƙahon Baba daga ƙasan adaka, ta kai baki za ta busa. Na fizge. Ban da ƙarfin yi wa yaran yanzu bayani.

Mahaifina wanzami ne. Kafin ya kafa ƙaho, sai ya ɗaga shi sama ya leƙa ɗan hujin da ke tsininsa. Yakan ce, "In huji ya matse, iska tana gogar bango, sai ka ja ta da ƙarfin ƙirji. In ya buɗe, sulalewa take yi ta koma ciki kafin ka toshe."

A shekarun nan na tsada, da magani ya ɓace a asibiti, masu ciwon baya suka dawo zaurenmu, har daga Dandin Mahe. Lokacin tari ya riga ya cinye Baba. Ina kawo ruwan zafi na ga ƙaho ya faɗo daga bayan wani manomin albasa. Baba ya sake zuƙa, ƙahon ya sake faɗowa. Mutumin ya ce, "Sarkin aska, ko in dawo gobe?"

Da ya fita, Baba ya miƙo mini ƙahon da basilla. "Ɗiyata, ƙara buɗe shi kaɗan."

Na ce, "Baba, ai ba zai kama ba."

"Na sani. Buɗe dai, ƙirjina ya gaji da ja."

Na buɗe. Ƙahon bai sake kama bayan kowa ba. Har yau yana warin toka, ga shatin haƙoran Baba a tsinin.

Allah ya yalwata masa kabari, ya ba shi iskar da ba sai ya ja ba.