A Mayar da Shi Baya

A shagon gyaran waya na bakin tashar Ajingi nake kallonta, dattijuwa mai koɗaɗɗen hijabi, takalmanta duk laka. Mai shagon ya haɗa bidiyon kyamarar gidan mai da na wayar wani fasinja. Kwamfuta ta gane saurayi ɗaya ne a ciki, tana bin sa da koren layi: nan hularsa daga sama, can bayansa yana shiga motar Kano. Babu wadda ta kama fuskarsa. Ina jin ɗanta ne, kuma bai dawo ba.

"Ɗan nan, mayar da shi baya," in ji ta.

Ya mayar da bidiyon baya. Saurayin ya sauko daga motar, yana takowa da baya.

Ta dafa gilashin. "Yauwa. Bar shi a nan."