Layinmu na Lugbe Daga Sama

Bayan masu rusau sun gama da layinmu a Lugbe, ni da Inna muka koma haya a Gwagwalada. Tun daga nan ta rage magana. In ta buɗe baki, to zancen ƙofar gidanmu ne, shuɗiya, wadda marigayi Baba ya yi wa fenti da hannunsa. Ko hotonta ba mu da shi.

Ni ba magini ba ne. Abin da na iya shi ne wani tsohon wasan jiragen yaƙi da ke kwamfutata, wanda ina jin masu shi ma sun manta da shi. A cikinsa mutum na iya shimfiɗa hanya, ya dasa itace, ya kafa gida, sannan ya hau jirgi ya bi ta kai. Sai na ce bari in mayar wa Inna layinmu.

Wasan bai san kwano mai tsatsa ba, sai jan rufin Turawa. Na ɗauki hoton rufin maƙwabta na manna wa gidajen. Bai san mangwaro ba, na kama wani itacen ƙasar sanyi na kumbura shi har ya yi kama. Na sa tankin ruwan coci, na sa shagon mai walda. Inna kan leƙo ta ce, "Ƙato da kai, kana wasan yara." Na ci gaba da aikina.

Da na gama, na zaunar da ita, ta gyara tabarau. Na taso da jirgin ta kan hanyar filin jirgi, na karkato hagu.

"La ilaha! Ga shagon oga mai walda!"

Kafin ta rufe baki mun wuce.

"Tsaya mana, ban ga ƙofar ba."

"Inna, jirgin yaƙi ba ya tsayawa."

"To sassauta."

Na juyo, na sauko ƙasa-ƙasa, na rage gudu. Gidan ya zo ya wuce. Na sake juyowa, na ƙara ragewa har jirgin ya fara karkarwa. Na san abin da ke biye da wannan karkarwa, amma tana riƙe da hannun rigata tana cewa saura kaɗan. Hancin jirgin ya sunkuya, muka faɗa kan rufinmu.

A wasan yaƙi kowane gini siffa biyu gare shi, tsayayye da rusasshe. Ni tsayayyen kawai na zana, zuciyata ba ta ɗauki ɗayan ba. Sai wasan ya sa nasa: baƙin tarkace da hayaƙi.

"Inna, in na sake kunnawa zai dawo."

Ta cire tabarau ta naɗe a bakin zane.

"Bar shi haka. Wancan karon ina kasuwa, ban gani ba. Yanzu na gani."