Hodar da aka shanya a rana

A shekarun da ake gina madatsar Bakolori ni ne tafintan wani injiniya Bature a sansanin ma'aikata kusa da Talata Mafara. Kafin nan na zauna a Khartum da Jidda, na ɗan taka ƙasar Italiya, don haka nake jin babu abin da ido bai gani ba.

A bayan gidansa akwai tafkin wanka na siminti. Mai kula da shi wani dattijo ne daga wajen Maradun, wanda ruwan madatsa ya cinye gonarsa ta fadama. Aikinsa ya kwashe ganye, ya zuba farar hodar kulorin, wato maganin da ke hana ruwa lalacewa.

Da damina ta kankama sai ruwan ya fara yin kore. Kowace safiya Baturen ya ɗebi ruwa a 'yar kwalba, ya ɗiga wani abu. In maganin ya isa, ruwan kwalbar kan koma launin ɗorawa. Namu ko gezau. Muka wanke matatar ruwan, muka duba famfo, muka sa dattijon ya ninka awo. Duron hodar yana raguwa, tafki yana ƙara gansakuka.

Ran nan Baturen ya ce in tambaye shi wa yake sayar wa hodar.

Na sassauta tambayar yadda zan iya, amma ya gane.

"Malam tafinta, sata ka nuhi?" Ya yi 'yar dariya. "Wa za shi sai wanga abu? Ko akuya ba ta sunsuna tai. Ni da ka wahala da shi, laima ta dunƙule shi, kullum sai na baza shi bisa kwano ya sha rana kamar gero!"

Na ce, "Baba, bar zancen gero, amsa abin da aka tambaye ka."

Da Baturen ya ce me ya faɗa, sai na ce, "Ya ce bai sayar ba." Sauran na yar, don a ganina surutun ƙauye ne da zai sa a raina mu. A Jidda na ga tafkuna masu kyalli kamar gilashi, amma ban taɓa tambayar inda ake ajiye maganinsu ba.

Aka sallame shi ranar. Bai roƙi kowa ba. Ya jingina rariyar kwashe ganye a bango, ya yi mini sallama cikakkiya, har da gaida iyali.

Bayan mako biyu sabon duro ya iso. Ina karanta rubutun jikinsa na ga gargaɗi: a rufe shi ruf, a nesanta shi da rana da iska, in ba haka ba ƙarfinsa ya tafi. Ashe dattijon da kulawarsa yake kashe maganin, kuma ya faɗa da bakinsa. Ni na tare maganar a hanya.

Na gaya wa Baturen. Ya dafe kai, ya ce a nemo shi. Na hau babur har Faru, garin dattijon, aka ce ya kwashe iyalinsa sun yi kudu neman ƙasar noma, ba a san garin ba. Wani maƙwabcinsa ya tambaye ni ko gaskiya ne abin da ake faɗa, wai hannunsa ne ya yi tsawo a gidan Bature. Na rantse masa ƙarya ne. Ya gyaɗa kai kawai, irin na wanda ya riga ya ji daga bakin mutane da yawa.